Layi Ukun da Malam Kalilu Ya Cire

Kullum da safe, in an idar da sallar asuba an ɗan taɓa lazimi, Malam Kalilu zai bi ta hanyar Kusugu a ƙasa har zuwa shagonsa. Yana buɗe ƙofa, batirin sola zai fara dubawa, don ya daɗe da yanke ƙauna da wutar gari. Sannan ya yaye tsohuwar atamfar da yake lulluɓe kwamfuta da ita, ya goge tabarau, ya ja kujera. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka, tun zamanin da janareto ke hana maƙwabtansa jin juna.

Ga wanda bai san shi ba, aikinsa tsara littafi ne. Duk marubucin da ya rasa kamfanin da zai ɗauki nauyinsa ya ce zai buga da kansa, a Daura dai wurin Malam Kalilu yake ƙarewa. Wani ya kawo rubutun a littafin makaranta, wani a waya, wani ma a bayan tsofaffin takardun ofis. Shi zai buga a kwamfuta, ya tsara shafuka, ya bar gefe yadda ɗinki ba zai cinye harafi ba, ya haɗa bango, ya tura maɗaba'a a Kano. Littafi ya fito da sunan marubuci ɓaro-ɓaro, nasa kuwa ko a lungu babu.

Kafin ya taɓa rubutunka, tambaya ɗaya zai yi maka: “Wa zai karanta, kuma a ina?” Malama Adawiyya, wadda ta rubuta littafi kan kiwon kaji a gida, ta ce da ya tambaye ta haushi ta ji, ta ce masa ai mata ne, a tsakar gida. Sai ya ce to hannunsu da aiki ke nan. Ya ƙara girman harufan, ya zaɓi ɗinkin da littafi zai zauna a buɗe a kan tabarma ba sai an danne ba. Kuma ba ya sallamar littafi don ya fito. Akwai taswira a bangon shagonsa da ya cika da ɗigon biro, duk Alhamis zai kira masu sayarwa ya ji inda aka ɗauka da inda aka bari. A haka ya gano littafin Malama a Mashi yake tafiya, a cikin Daura kuwa yana kwance, ya ce ta karkata can. Yanzu tana bugu na huɗu.

Ni abin da ya haɗa mu daban ne, kuma ba ni ne gwarzon labarin ba. Sunana Sha'aban, malamin dabbobi ne ni, na yi shekara talatin ina bin ruga-ruga kafin na yi ritaya. Na rubuta ɗan littafi kan cututtukan dabbobi da awon maganinsu don makiyaya. Malam Kalilu ya tsara shi ƙarami, daidai aljihun riga, ya ajiye jadawalin awon magani a tsakiyar littafi, a shafi guda: tumaki da awaki a sama, shanu a ƙasa. Ya ba ni fayil ɗin ya ce kada a taɓa.

Na taɓa. Da aka sa ranar ƙaddamarwa, sai na ga ai littafin da babu saƙon fatan alheri daga manya ba ya cika ido. Na san in na kai masa zai yi mini wannan kallon ta saman tabarau, don haka na wuce Kano, na sa wani ma'aikacin maɗaba'ar ya cusa saƙon da hotona da babbar riga. Aka buga ɗari biyar. Saura kwana uku taro na sauke kwalaye a shagonsa ina ta washe baki.

Malam Kalilu yana da wata al'ada. Duk littafin da ya tsara, kwafin farko da ya fito daga kwali sai ya karanta shi daga bango zuwa bango, a tsaye, riƙe da hannu ɗaya kamar yadda mai shi zai riƙe. Ina zaune ina shan shayinsa ya kai tsakiya, sai ya tsaya.

“Dakta, zo ka riƙe nan.”

Na riƙe.

“Kai makiyayi ne, tunkiyarka na zawo. Nemo mini awonta.”

Na bi jadawalin, na juya shafi, na karanta masa lamba. Ban rufe baki ba na gane awon bijimi na karanta. Abin da na cusa a gaba ya tura jadawalin ya rabu biyu. Kalmar “Shanu” ta maƙale ita kaɗai a ƙasan shafi, daidai inda babban yatsana ya rufe, awon shanun kuma ya tsallaka shafi na gaba ba tare da kanunsa ba. Duk wanda ya ba tunkiya wannan awon, sai dai ya nemi wuƙa.

Da kunya nake faɗa, amma zan faɗa. Abin da ya fara zuwa mini a rai ba tumaki ba ne, katin gayyata ne. An raba, an kama rumfa da kujeru, surukaina ma za su zo daga garin Babban Mutum. Na ce a liƙa 'yar takardar gyara a kai.

“Gam ba ya jure gumi da damina a aljihun makiyayi,” in ji shi. “Wata biyu ta ɓare.”

“To a yi taro tukuna, daga baya a gyara.”

“Littafin da ya fita ba ya dawowa, Dakta. Kwalayen naka ne, kana iya ɗauka. Amma ba da hannuna ba.”

Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Ya ja kujera ya sake tsara takardar tsakiyar, ya matse layuka har jadawalin ya koma shafi guda, ya buga a firintarsa. Sannan ya ɗauko 'yar wuƙa ya fara buɗe wayar ɗinki, ya zare tsohuwar takarda, ya sa sabuwa, ya mayar. Littafi ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana sallamar masu zuwa buga takardar neman aiki. Ranar taro guda sittin ya gama. Su na kai, suka ƙare kafin a ci abinci, na sha tambaya har na gaji da murmushin dole. Wani abokina ya ce bai taɓa ganin ƙaddamarwar da marubuci ya fi littafi yawa ba. Sauran ɗari huɗu da arba'in sati uku suka ci, har yatsunsa suka yi kanta.

Bayan wata bakwai na je Babban Mutum ranar kasuwa. A kara, inda ake cinikin dabbobi, na ga wani makiyayi, Hussaini, tsugune gaban ragonsa da kwalbar magani. Ya zaro littafina daga aljihu, bangon ya yi baƙi don shan hannu. Yana karatu a hankali irin na 'yan yaƙi da jahilci, yana bin layi da yatsa. Babban yatsansa na ɗaya hannun kuwa ya rufe ƙasan shafin ruf, daidai wurin nan. Ya auna daidai, ya ɗura wa ragon. Na tsaya ina kallo, idona ya ciko.

Da za a yi bugu na biyu, na ƙara layi uku a ƙarshen gabatarwa ina gode wa Malam Kalilu. Da ya ba ni gwajin bugu na duba, babu su. Na tambaye shi.

“Na cire,” ya ce. “Za su tura jadawalin.”

Ƙarshen wannan watan zai ajiye aiki. Likita ya ce idonsa ya gaji da hasken kwamfuta, kuma wannan karon ya ji magana. 'Yarsa Siddiƙa, wadda ta shekara goma tana aikin tare da shi, ita za ta riƙe shagon, kuma na ga ita ma a tsaye take karanta kwafin farko.

Malam Kalilu, kai ne mai gyara gida ka fita kafin baƙi su iso. Kai ne ka tsaya wa tumakin mutanen da ba su san sunanka ba, ranar da ni da na yi rayuwata a cikinsu na tsaya wa kujerun haya. Na gode, kuma ka yafe mini maganganun ranar nan. Allah ya ƙara lafiya, ya haskaka idon, ya saka da mafificin alheri.

Masu tsara littafi da ke tasowa, da mu marubuta masu gaggawar ganin sunanmu a bango, mu riƙa tambayar da yake yi tun kafin a kunna kwamfuta, mu kuma karanta kwafin farko a tsaye. Shi kuwa, layi ukun nan da ya cire, ga su na dawo da su har da ƙari. Wannan shafin ba shi ya tsara ba, kuma babu jadawalin da za su tura.