Yatsan Baba Akawu

Shekara talatin da ɗaya Baba Akawu ya yi yana buga tafireta a kotu, ba a taɓa maido masa da takarda saboda kuskure ba. Yau ga kwamfutar hannu ta kulle masa. Sau tara ya danna lambar sirri, tana ƙi. In ya sake kuskure za ta goge komai, har da muryar marigayiya matarsa.

Kwamfutar ta ce ya jira awa ɗaya. Ya zauna, ya tashi, ya goge tabarau, ya leƙa taga, ya dawo ya duba agogo. Lambar kam bai manta ba.

Ƙanwarsa da ta zo gaishe shi ta ce, "Yaya, yatsanka ne ke rawa. Kana nufin huɗu, yana sauka kan biyar."

"Ni da na buga wa alƙalai bakwai?"

"To, yau kai ne alƙalin. Faɗa in buga."

Da awar ta cika, ya tura hannunsa aljihu, ya faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi masa shifta a da. Kwamfutar ta buɗe.

Ya ce wa ƙanwar, "Ba ki da sauri, amma ba laifi."