Gidan da Malam Ya Soke

Jiya na bi ta Kafin Soli ana yaɓen wani gida, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ita ba ta barin bango haka nan. Tun yana ɗanye take bin sa da yatsa tana fitar da ado.

Shekarar da aka kwashi yara makaranta kyauta, malami ya ce su zana gida. Ɗiyata Hadiza ta zana ɗakin Gwaggo, har da adon bakin ƙofa. Ya soke, ya bubbuge mata yatsu da rula, wai gida sai da jan rufi da bututun hayaƙi. Uban wa ya taɓa ganin bututun hayaƙi a Kankiya? Sai da na shiga yaƙi da jahilci na ga littafin nasa, ashe gidan Turawa ne.

Ran nan da Hadiza ta dawo gida, Gwaggo ta kwaɓa ƙasa, ta riƙo kumburarrun yatsun. "Zo ki ɓata mini bango, 'yar nan, ƙasa ba ta ƙarewa." Hadiza ta ɓoye hannu a baya. Gwaggo ta jira har kwaɓin ya bushe. Yarinyar ba ta ƙara zana komai ba.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Gwaggo. Malamin kuwa, ni ban yafe ba.