Dutsen Ƙarƙashin Teku da Gonar Mahaifinmu

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, ƙanena ya zo gida Gwandu bayan sadakar arba'in don a raba gado. Mu biyu kaɗai ya bari, kuma abin rabon gona ce ɗaya a hanyar Dodoru. Rabinta fadama ce, inda nake albasa da rani. Da ita nake toshe inda albashin koyarwa bai kai ba, in ciyar da baki tara. Ɗaya rabin tudu ne, tsakuwa da marmara, ko gero sai ya ga dama yake fitowa.

Ƙanen nawa karatun duwatsu ya yi har ƙasar waje, ya samu aiki a jirgin ruwa na bincike. Ban taɓa gane aikin ba, kuma halina ne, abin da ban gane ba ba na sakin jiki da shi.

Kwana biyu ya yi yana zaga tudun da wata 'yar guduma, ya ƙwanƙwasa nan, ya duƙa can, ya jefa wani abu a aljihu. A rana ta uku na shiga ɗakinsa da hantsi, na tarar ya jera duwatsu a tabarma. A cikinsu akwai wani kamar ƙwan zabo, bayansa baƙi ƙirin, cikinsa kuwa rawaya, yana ƙyalli. Nan take raina ya ba ni zinariya ce. A shekarun nan wa bai ji labarin masu haƙar zinariya ba?

Na ɗauka na ce, "Wanga fa, a ina ka tsince shi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wannan ba na gonarmu ba ne. Daga ƙarƙashin teku muka ciro shi."

Sai ya gyara zama ya shiga bayani. Wai a tsakiyar teku akwai jerin tsaunuka a nutse, inda ƙasa ke tsagewa tana rabuwa a hankali. Ruwan teku na tsiyaya cikin tsagar har ya kusanci narkakken dutse, ya yi zafi, ya narkar da ƙarfe da tagulla da farar wuta, sannan ya yi tsiri ya dawo sama. Wai zafinsa ya ninka na tafasasshen ruwa, amma ba ya tafasa, saboda nauyin tekun da ke danne da shi. Da ya haɗu da ruwan sanyi sai abin da ya ɗauko ya daskare, ya riƙa tashi baƙi kamar hayaƙi, yana taruwa yana gina kansa kamar suri. Ya ce ɓallin irin wannan surin ne a hannuna, na'ura mai hannu suka tura ta karyo shi. Har wai akwai tsutsotsi a wurin, ba su da baki, ba su san rana ba, da gubar ruwan suke rayuwa.

Ina jinsa ina gyaɗa kai, amma a raina cewa nake, yaron nan ya raina ni. Wuta a ƙarƙashin ruwa, hayaƙi a cikin ruwa, tsutsa ba baki. Ni da na goya shi zai yi wa wannan tatsuniya? Kuma in daga teku yake, me ya kawo shi cikin duwatsun tudunmu?

Ban kai dutsen an duba ba. Tsoro nake kada magana ta fita kafin rabo. Sai na zuba ido, ina kallon duk motsinsa.

Ranar rabo Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya zauna a zaure da dattawa biyu. Kafin a ce komai ƙanena ya ce, "Baffa, a ba Yaya fadama. Ni tudun ya ishe ni."

Shi ke nan, na ce a raina, ta tabbata. Mutumin da ya yi shekaru yana karatun dutse ba zai zaɓi dutse a banza ba.

Na ce, "Ni ne babba, ni ke zaɓe. Tudun nake so."

Baffa ya dube ni ya ce, "Kai, da mi za ka ci da iyali? Tsakuwa?" Sau uku yana tambayata, sau uku ina cewa tudu. Ƙanena ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa ya dakata, manya na magana. Sai ya tsaya yana kallona, ya dubi aljihun rigarsa inda dutsen yake, ya sake dubana. Aka shafa fatiha. Da muka fito ya ciro dutsen ya sa mini a hannu.

Washegari na hau mota zuwa Kalgo, wurin wani tsohon maƙerin farfaru mai gyaran 'yan kunnen mata. Na zaɓi Kalgo ne don a Gwandu kowa ya san fuskata. Tsohon ya goga dutsen a kan wani ɗan falalen dutse da yake gwaji da shi, zanen ya fito duhu. Ya ɓalli kaɗan ya buga da guduma, ya farfashe ya zama gari. Ya ce zinariya lanƙwasa take yi, ba ta fashewa. Sai ya zuba garin a garwashi ya hura zugazugi, wani wari kamar na ashana ya cika rumfar har na yi tari.

Ya ce, "Malam, farar wuta ce da ƙarfe. Ina ka samo shi? Ban taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba."

Na ce daga teku ne. Da na ji maganar a bakina, kunya ta rufe ni.

Da la'asar na sami ƙanena yana haɗa kaya. Na faɗa masa komai, har zuwana Kalgo. Ya ce tudun kuwa dubawa yake ko marmarar za ta bari a haƙa rijiya, don in ya yi ritaya ya dasa itace. Fadama kuma, wa zai noma ta in ba mai iyali ba?

Na ce to a warware rabon. Ya ce a'a, an shafa fatiha. Amma in ci gaba da noma fadamar, aro, har iya raina. Na fara godiya, sai ya ɗaga hannu ya ce in bari tukuna a kira Baffa da dattawan nan biyu, a faɗa a gabansu.

Na ce, "Haba, tsakanina da kai sai da shaida?"

Ya ce, "Yaya, ba na so wata rana ka zauna kana tunanin me nake nema da na bar maka ita."

Aka kira su, aka faɗa. Har yau ni ke noma fadamar, kuma yana gaishe ni da ladabi kamar da. Amma tun daga ranar, ko hula zai ba ni, sai ya jira akwai mutum na uku a wurin.