Jan Ɗigo da Jikan Maharbi

Sai da muka shekara a Riyad sannan na san ashe maharbi nake aure. Ni dai direba na sani. Yana direba aka ɗaura mana aure, tuƙi ne ya kawo shi ƙasar, shi ya yi ta bin kafilinsa, wato Balaraben da yake wa tuƙi, da magiya har aka yi mini iƙama, takardar izinin zama, na biyo shi. A tsakiyar shekarun tamanin ke nan. Muna ɗaki ɗaya a unguwar Ulaisha, bayan wata bagala, wato kantin kayan masarufi, da wani tsohon mukayyif na sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. Ina goyon 'yar fari. Larabcina bai wuce tambayar farashi da godiya ba, kuma ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da shi. In jikin yarinya ya yi ɗumi, haka zan zauna ina taɓa goshinta ina kallon ƙofa har ya dawo.

Kafilin yana da gona can cikin sahara, mazra'a suke ce mata, tafiya ce mai nisa. Dila ya dame shi, yana shiga yana kwashe masa kaji da tantabaru. Wata rana a mota yana mita, yana cewa da zai samu wanda ya iya bindiga da ya ajiye shi a can dindindin. Maigidana, maimakon ya kama sitiyarinsa ya yi shiru, sai ya ce ai shi jikan maharbi ne, a garinsu har yau in an ambaci kakansa kuraye fitsari suke yi.

Da ya dawo yana ba ni labari yana dariya, sai na ce, "Baban yarinya, in ya ajiye ka a can, sau nawa za ka riƙa zuwa gida?"

Ya ce, "To, ko duk wata."

"Mu fa?"

"Ke matsalarki tsoro. Ba ga bagala nan ba?"

Wato bagala ce za ta kai mu asibiti. Kakan nasa kuwa na san shi, ya rasu ina 'yar yarinya. Maharbi ne ba ƙarya, amma abin da na taɓa gani ya rataya a kafaɗa gafiya ce da zomo. Shi kuwa jikan, in za a yanka kaza maƙwabci ake kira.

Wannan ne ya ɗan kwantar mini da hankali. Na ce ranar gwaji ta zo, zai harba ya sami iska, a dawo mini da shi. Sai ga shi ranar Talata da azahar ya shigo da wani ɗan akwati. Kafilin ya sayo wani abu daga Turai da ake ɗaura wa bindiga a sama, ya ba shi ya nemo masa batir a kasuwar Dira, ya riƙe zuwa Alhamis da za su tafi gonar. Bindigar tana can, alhamdu lillahi, abin kawai ya zo da shi. Wani ɗan baƙin bututu ne, tsawonsa bai kai tocilan ba, gilashi gaba gilashi baya. Batirinsa kamar maɓallin riga. Ina ganinsa na ce ya ɗora a saman kwaba, yarinya ta fara kai komai baki.

Ya murɗa wani abu a gefe, ya leƙa, ya ce, "Allahu akbar! Zo ki ga."

Na ce ba inda za ni. Ya ce akwai jan ɗigo a ciki, duk inda ka ɗora shi nan harsashi zai sauka. Yana faɗa yana juya abin a ɗaki, ya bi ta kan tukunya, ya bi ta kan labule, ya nufo katifa. Ban san lokacin da na faɗa kan yarinyar na rufe ta da jikina ba.

"Kauda shi! Za ka ƙona mata ido!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ɗigon ba ya fita waje, mai shagon batir ya yi masa bayani. Ban yarda ba sai da na sa ya auna bango, na je na duba bangon da idona, na shafa da hannu. Babu komai sai fentin da ya koɗe. Sannan na karɓa da gefen mayafi na leƙa.

Ga shi nan kuwa, ja, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, a zaune a kan bangon da na gama shafawa. Na ɗauke ido, babu. Na mayar, yana nan. Wai wata 'yar fitila ce a ciki take haska gilashin gaba, gilashin ya dawo da jan hasken cikin idon mai leƙawa, shi kaɗai yake gani, sauran duniya kuma tana wucowa ta gilashin yadda take. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da maigida ya aza shi a kan kwaba ya saita shi da ƙusar da muke rataye abaya, ya ce in matsar da kaina. Na yi dama, na yi hagu, ɗigon yana yawo a cikin gilashi amma bai bar wajen ƙusar ba. Ya ce da bindigar da, sai ka jera abu uku a ido, tsinin baya da tsinin gaba da naman, kana wannan lissafi zomo ya kai gida. Wannan kuwa ka buɗe ido biyu, ka kalli abin da kake so, ka ɗora masa ɗigo, ka ja kunama a hankali.

Na ce, "To ai ko ni zan iya."

Ya karɓe abinsa. Ya ce harbi gado ne, gilashi taimako kawai yake yi wa mai gado.

Ya ɗaure shi da tsumma a jikin sandar goge ɗaki, ya wuni yana atisaye. Ya harbe buta, ya harbe fanka, ya harbe agogo ya fi a ƙirga, da baki yake yin ƙarar. Da farko ido ɗaya yake kannewa, wai haka kakansa yake yi, har ya ga kansa na ciwo ya buɗe ɗayan a ɓoye, yana zaton ban lura ba. Ya ciro wata tsohuwar laya daga ƙasan jaka ya ɗaura a damtse. Ni kuwa ina gefe ina jijjiga yarinya, na san ba lafiya, don na ga da idona abin nan ba ruwansa da kakan kowa. Duk sallar da na yi a kwanakin nan, in na kai goshi ƙasa, roƙona ɗaya ne, Allah ya sa mijina ya kuskure. Ina yi ina jin kunya, don ban taɓa jin matar da ta roƙi haka ba, amma ban fasa ba.

Ranar Alhamis ya tafi da sassafe. Na kulle ƙofa na jingina mata kujera. Na ƙirga madarar da ta rage, na sake ƙirgawa. Na gwada haɗa jimlar da zan gaya wa mai tasi in ta kama, na kasa wuce kalmar asibiti.

Ya dawo Juma'a bayan la'asar, fuska a murtuke, ya yi sallama ciki-ciki. Na ce a raina addu'a ta karɓu. Na kawo ruwa, na sassauta murya.

"Sannu, Baban yarinya. Ba a samu ba ko? Ai ba komai."

"Wa ya ce miki ban samu ba? Ko ɗaya ban kuskure ba."

Na zauna a bakin katifa.

Sai da ya ci abinci labarin ya fito, shi ma da ƙyar, ina ja yana ja. Kafilin ya ɗora abin a kan wata ƙaramar bindiga, ya yi ta harbi yana murɗa wasu 'yan ƙusoshi har ɗigo da harsashi suka daidaita wuri ɗaya. Aka jera gwangwanayen lemo a kan katanga, aka miƙa wa maigida. Ya ce ya ɗora ɗigo ya ja, gwangwani ya yi sama. Na biyu haka, na uku haka. Kafili yana ta "Masha Allah, ya sayyad!", wato maharbi, har ya fara nuna masa ɗakin da zai zauna.

To a garinsu akwai abin da maharba suke yi in sun gama nuna bajinta a gaban jama'a. Sai su cusa wa adaka albarushi da yawa, su miƙa wa wani manomi da bai taɓa riƙe ta ba, su ce gwada. Tana tashi ta bangaje shi ya faɗi zaune, gari ya kwashe da dariya, kowa ya san harbi ba na kowa ba ne. Maigida ya waiga ya ga wani dattijo ɗan Bangaladash mai ba kajin gonar ruwa, siriri, zaninsa a ɗaure a ƙugu, yana tsaye yana kallo. Ya yafito shi ya ɗora masa bindiga a kafaɗa, har yana ƙifta wa kafili ido.

"Sai me?" na ce.

"Bindigar banza ce. Ko motsi ba ta yi."

"Shi dattijon fa?"

Ya hau tsince shinkafa a gefen faranti.

"Ya samu?"

"Ya tambaya da hannu ko jan nan zai ɗora. Aka ce eh."

"Ya samu ke nan."

"Har da wanda ya faɗo ƙasa, ya ƙara masa."

Wai kafilin ya daɗe yana kallon dattijon, ya kalli maigida, ya kalli bindiga. Sannan ya ce subhanallah, ashe maharbi yana gonarsa shekara da shekaru yana ba kaji ruwa. Ga mutum a wurin, ga ɗakinsa, ba sai an rasa direba ba. Ya bar wa dattijon bindigar, ya miƙo wa maigida makullin mota.

Na sunkuyar da kai na ce, "Kai, amma ba a kyauta maka ba."

"Dariya kike yi."

"Ni? Wallahi tari ne ya sarƙe ni."

"Har da hawaye?"

Na ɗauki faranti na yi wajen wanke-wanke, na buɗe famfo da ƙarfi. Ina jin sa daga ciki yana gaya wa yarinya, wadda ko zama ba ta gama iyawa ba, cewa Turawa sun lalata harbi, sun mayar da shi abin kowa da kowa. Can ya ɗaga murya.

"Ke! Ki goge mini farar rigar nan. Gobe da safe ni zan kai yaran kafili makaranta."

Na ce to. Na kashe famfo, na jona dutsen guga.