Rawanin Kyaftin

Baffana ya kashe kakana da baki shekara biyu kafin Allah ya karɓi ran tsohon. A zauren gidanmu na Fagge aka yi, da hantsi, washegarin babbar Sallah. Ina tsaye a wurin.

Abin da ke dawo mini da ranar shi ne warin gammona idan ruwan damina ya jiƙa shi. Tsohon ƙyalle ne mai ruwan ƙasa. Da can rawani ne.

Kaka daga gabas ya zo Kano yana saurayi, ya sauka a Fagge, yana dako a tashar jirgi. Lokacin yaƙin Hitila Turawa suka ɗauke shi soja, suka kai shi ƙasar Bama, can gaba da Indiya. Bindiga ba a ba shi ba. Igwa ake kwancewa gunduwa-gunduwa, a ɗora musu a ka, su hau duwatsu da ita. Tsakiyar kansa ba gashi, fatar ta yi kanta kamar dunduniya. Nakan sa yatsa in danna, ya ce, "Danna da ƙarfi, ɗan nema. Ƙarfe ma bai fasa ba."

Na yi wayo na tarar idonsa ya mutu. Ɗakinsa na can ƙurya, kusa da rijiya. Ubana ya rasu da wuri, don haka ni ke kai masa koko da buta, ni kuma ke jin labarin Kyaftin.

Kyaftin mutumin Indiya ne, daga wata ƙabila ta kan duwatsu da ake kira Dogra. Ɗan manomi ne, ya shiga soja tun gemunsa bai fito ba, ya ƙware a igwa har aka ba shi hafsa. Ba Musulmi ba ne, ba ya cin naman shanu. Amma idan rana ta karkata yakan dubi Kaka ya nuna masa inda alƙibla take. Su da alfadarai suke ɗaukar igwarsu. Damina ta kashe dabbobin, sai aka ara masa mutanenmu.

Kwana uku suna hawan wani dutse cikin ruwa. Gammon Kaka ya ruɓe, ƙarfe ya ci fatar kansa, jini yana shiga masa ido. Kyaftin ya tsayar da tafiya. Ya kwance rawaninsa a gaban yaransa, ya naɗe shi gammo da hannunsa, ya ɗora wa Kaka. Yaransa duk suka sunkuyar da kai, domin a wurinsu babba ba ya zama ba rawani a bainar jama'a. Suka kai igwar inda Japanawa ba su zaci za ta hau ba. Kyaftin ya yi ta ruwan wuta har hanya ta buɗe wa waɗanda aka ritsa a ƙasa. A nan ƙarfe ya fasa masa cinya. Kaka ya goya shi, ya ɗaure da rawanin nan, ya sauko da shi yini biyu.

An ba Kyaftin lambar yabo. Ran da za su rabu ya nuna lambar, ya nuna kan Kaka, ya mayar masa da rawanin cikin hannu. Ya kuma rubuta Fagge a ɗan littafinsa.

A majalisar ƙofar gida ba wanda ya yarda. Wani mai shayi yakan ce, "Haba tsoho! Indiyawan kantin Sabon Gari ko kujera ba sa ba mu, shi ne wani zai cire maka rawani?" A yi ta dariya. Kaka ba ya musu. Sai dai ya ce, "Zai aiko." Abin da ya rage masa ke nan a duniya, a san bai yi ƙarya ba.

Baffa, ƙanen ubana, shi kaɗai ya yi boko a gidan. Akawu ne a wani ofis. A can ya gaya musu ubansa saje manja ne mai ritaya. Ranar da nake faɗa, ogansa da abokan aikinsa sun zo gaisuwar Sallah, suna zaure suna cin soyayyen nama. Ka san gidajenmu. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Abin da wanda ya tarar a zaure ya gaya masa, shi ne maganar gidan.

Aka yi sallama. Wani Ba'indiye ne dogo, da wani ma'aikacin kanti da ke yi masa tafinta. Baƙon ya cire takalmi tun daga waje.

Tafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana biyar muna zagaya Fagge. Uban wannan kanal ne na igwa, kyaftin yake lokacin yaƙi, ya rasu bara. Ya bar wasiyya a nemo ɗan dakon da ya goya shi a Bama. Ɗansa ya zo ne don ya taɓa ƙafar ɗan dakon. Haka suke girmama iyaye."

Baƙon ya miƙo hoto. Tsoho ne da lambobi a ƙirji, riƙe da sanda.

Ogan Baffa ya ajiye nama, ya ce, "Ɗan dako kuma?"

Baffa bai ko dubi hoton ba. Ya ce, "An yi muku kwatance ba daidai ba. Mahaifina saje manja ne. Ɗan dakon da kuke nema ya taɓa haya a nan, amma ya daɗe da rasuwa."

Na buɗe baki. Baffa ya dafa kafaɗata kamar mai wasa, ya sa farce a wuyana. Na rufe.

Ba'indiyen ya tsaya jim. Ya haɗa tafin hannunsa, ya sunkuya ya taɓa dokin ƙofar zauren, ya shafa a goshi. Ya sa takalminsa suka tafi. Tsakaninsa da ƙafar Kaka bai kai taku talatin ba.

Da na shiga da buta na tarar Kaka zaune, ya juya kunne wajen ƙofa, rawanin na kan cinyarsa.

Ya ce, "Wa ya yi sallama? Kamar harshen mutanen can na ji."

Na ce, "Masu karatun mitar wuta ne, Kaka."

Ya ce, "Ran Sallah?" Ya ninke rawanin ya mayar ƙarƙashin matashi. Daga ranar bai ƙara ba ni labarin Kyaftin ba, bai kuma ƙara cewa zai aiko ba. Shekarata goma sha ɗaya. Ba na kawo wannan a matsayin uzuri. Shekara biyu na yi ina kai masa koko, kullum da bakina.

Da ya rasu Baffa ya sa aka share ɗakin. A bola na tsinci rawanin. Da na girma na bi kantunan Sabon Gari har na gano tafintan. Ya ce mutumin don wannan kaɗai ya zo, ya koma ƙasarsu a makon. Adireshi bai riƙe ba.

Baffa yana nan da rai, Alhaji ne. Jikokinsa har yau saje manja suke cewa. Ya aiko sau biyu in je. Ban je ba. An sayar da gidan, zauren ya zama sito, atamfa ake jibgewa a inda mutumin ya taɓa. Yanzu kura da keke ke kwasar yawancin kaya, masu ɗauka a ka mun ragu.

Ina unguwar Kwaciri, ɗaki ɗaya. Dako nake yi a Bata, bakin kasuwar Sabon Gari. Tsakiyar kaina ba gashi, kuma da rawanin nake gammo.