Wayar Biyan Wata-wata Da Na Ƙi Sa Wa Hannu

Shekarun baya, lokacin ina aikin kai kaya a wani shagon dabino da turare a unguwar Misfala da ke Makka, wayata ta mutu saura mako uku azumi. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma sace ta aka yi ba. Ni ne da kaina na ɗora ta a gaban mota na shiga sallar azahar, na manta da ita, zafin ranar Makka ya dafa ta. Da na fito na tarar batirin ya kumbura har ya ɗaga gilashin. Mai gyara ya juya ta sau biyu, ya miƙo mini ya ce, "Halas. Wannan sai dai ka yi mata addu'a."

Wanda bai san aikin ba zai ga ƙaramin abu ne. Amma aikina gaba ɗaya a cikin wayar nan yake. Mutum zai sayi kwalin dabino takwas a shago ya ce a kai masa masauki, sai ya turo alamar wurin a taswira, ni kuma in bi har ƙofa. Masaukan Misfala kuwa, in ba ka saba ba, duk kamarsu ɗaya.

Mai shagon shi ne kafilina, wato da sunansa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take. Jikan Hausawa ne, a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Mutumin kirki ne, sai dai albashi a wurinsa yana bin kasuwa. Lokacin azumi da Hajji zai biya ka har da ƙari, in baƙi suka watse kuma sai ka ji shiru. Da na gaya masa abin da ya faru ya ce, "Mako ɗaya na ba ka. Azumi na zuwa, ba zan riƙe direban da ba shi da waya ba."

A wannan makon wani abokina ya zo da mafita. Shi yana aikin karɓar baƙi a wani asibiti, albashinsa ba ya tsallake ranarsa. Ya fito da wayarsa sabuwa fil ya ajiye a gabana, irin wadda ko taɓa ta za ka yi sai ka goge hannu. Ya ce kamfanin layi ne ya ba shi, bai biya ko riyal ɗaya ba a ranar. Ana haɗa kuɗin wayar da na kira da na intanet, a riƙa turo maka fatura, wato takardar biya, duk ƙarshen wata, tsawon shekara biyu.

"Iƙamarka kawai za ka kai," in ji shi. "Minti ashirin ka fito da kwalinka. Ka daina wahalar da kanka, mutumina."

Gaskiya zan faɗa muku, ba aikin na fara tunawa ba. Kaina na hango a majalisarmu ta unguwar Mansur, na ajiye wayar a kan tabarma kamar ban damu da ita ba, ana satar kallonta.

Da yamma na gaya wa mahaifiyata. Tana zaune tana dama ƙullun masa, don ita ce ke yi wa gidajen unguwa masa in suna da taro. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba.

"To, in wata ya ƙare maigidanka bai biya ka ba fa?"

"Umma, ai zai biya."

"Bara bayan Hajji wata nawa ka yi kana jira?"

Ta ci gaba da damunta. Can ta ce, "Ni ban san waya ba. Amma su waɗannan mutanen, za su jira ka kamar yadda kake jiran maigidanka?"

Na ce mata zamani ya canja, kowa haka yake yi. Ta ce Allah ya taimaka.

Washegari muka tafi ni da abokina. Wuri mai sanyi, ga kujeru masu laushi, har na fara jin kamar ni wani ne. Ma'aikacin ya karɓi iƙamata, ya danna na'urarsa, ya yi murmushi ya ce na cancanta. Ya kawo wayar a kwalinta ya buɗe mini. Na riƙe ta, na ga fuskata a gilashin. Sannan ya turo takarda da biro.

Biron yana hannuna tambayar mahaifiyata ta dawo mini. Na ce bari dai in yi ta, ko don in koma gida da amsa.

"In na yi wata biyu ban biya ba, me zai faru?"

Ya ce za a yanke layin, bashin kuma yana nan a kan lambar iƙamata.

"In na dawo muku da wayar fa?"

Ya ce ba a dawo da ita. In ina so in fita kafin shekara biyu, sai na biya abin da ya rage na kuɗinta a dunƙule.

Na roƙe shi ya haɗa mini jimillar abin da zan biya daga farko har ƙarshe. Ya rubuta a gefen takarda ya juyo mini. Na duba, na sake dubawa. Gaskiya ba cuta a ciki, tunda har da kira da intanet ɗin da ya fi ƙarfin buƙatata. Amma faturar wata ɗaya ta kusa kai rabin kuɗin hayarmu, kuma sau ashirin da huɗu za ta zo, ko an biya ni ko ba a biya ni ba. Layin da za a yanke kuwa shi ne wanda duk masu sayen kayanmu suka sani.

Na ajiye biron na ce zan yi shawara.

A waje abokina ya hau ni da faɗa. Ya ce na kunyata shi a gaban mutane, ya ɓata hutunsa a banza. "Yanzu da me za ka yi aikin? Da bakinka?"

Na ce, "Zan saya da kuɗina. Ranar da na biya, ta zama tawa."

"Da wane kuɗin?"

Gaskiyarsa ce, don abin da ke aljihuna a lokacin ko rabin waya mai arha bai kai ba.

Na samo tsohuwar ƙaramar waya mai maɓalli a akwatin mahaifiyata, irin wadda a Kano ake kira rakani-kashi, na sa layina. Sannan na je wurin maigida na ce ya ba ni zuwa ƙarshen azumi. Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga ba wasa nake ba ya ce, "Na yarda. Amma mutum ɗaya ya kira ni ya ce kayansa ba su iso ba, ka ajiye mukullin mota."

Haka na shiga azumi. Na sayi ƙaramin littafi, duk wanda ya sayi kaya sai in tsaya a kansa in rubuta sunan masaukinsa da abin da ke kusa da shi. Wasu su ba ni, wasu su ce ai za su turo taswira, in ce wayata ba ta karɓa, su dube ni kamar wanda ya fito daga kogo. A majalisa kuwa na zama abin tsokana. In wayar ta yi ƙara sai wani ya ce a yi shiru, ofishin shugaba ne ke kira.

Ranar da ba zan manta ba tana cikin goman tsakiya. Wata dattijuwa daga Sakkwato ta sayi kwali shida da safe, lokacin na fita kai wasu kayan, ba wanda ya rubuta masaukinta. Lambarta kawai aka bar mini, da saƙon cewa motarsu za ta tashi zuwa Jidda da la'asar. Na kira ta.

"Hajiya, wane masauki kike?"

"Mai ƙofar gilashi, ɗana. Akwai mai shayi a gefe."

A Misfala wannan kwatancen ya dace da gida ɗari. Na ce ta duba katin da aka ba ta, ta ce ba ta iya karatun ba, abokan tafiyarta kuma sun tafi ɗawafin bankwana. Ta miƙa wa mai tsaron ƙofa wayar, shi kuma Larabcinsa da nawa suka ƙi haɗuwa, sunan da ya faɗa na ji shi iri uku. Ga hanyoyin kusa da Harami an rufe wa motoci. Na ajiye motar nesa, na ɗora kwalayen a kan amalanke, na shiga lungu da ƙafa, ga azumi ga rana. Na shiga masauki huɗu, babu ita. Rigata ta jiƙe sharkaf, harshena ya bushe, agogo kuma yana ta tafiya. A zuciyata ina cewa shi ke nan, mukullin ya tafi, saboda taurin kaina.

Na tsaya a inuwar wani gini na sake kiranta. Na ce, "Hajiya, ki leƙa waje. Akwai 'yar Hausa mai talla a kusa?"

Ta ce akwai wata mai sayar da hijabai a bakin hanya. Na ce don Allah ta kai mata wayar. Matar ta karɓa, na yi mata bayani, ta ce, "Kai, ina kake yanzu?" Na faɗa. Ta ce, "Ai ka wuce mu. Koma baya, ka hau tudun da ke bayan gidan burodi, lungu na biyu a hagu. Yi sauri, ga motarsu can ana loda kaya."

Na tura amalanken nan a guje a kan tudu. Na iso direban yana shirin rufe wurin kaya. Dattijuwar ta ƙirga kwalayenta, ta yi mini addu'a mai tsawo, ta damƙa mini wani abu a hannu, sannan ta ce, "Amma ɗana, ka sayi waya mana."

Washegari da safe ƙafata ta kai ni har ƙofar kamfanin layin. Na tsaya ina kallon ciki ta gilashi, iƙamata tana aljihu. Na yi kusan minti goma a wurin. Abin da na gaya wa kaina shi ne, wahalar da nake sha saura mako biyu ta ƙare, waccan takardar kuwa shekara biyu ce. Na juya na tafi aiki.

Daga ranar na gane hanya. Duk masaukin da ya ɓace mini, sai in nemi matanmu masu talla ko masu tura keken tsofaffi, su ne taswirar Misfala ta gaske. Duk ihsanin da baƙi suka ba ni na daina taɓa shi. Na bar sayen abin buɗa-baki a waje, abin da mahaifiyata ta dafa shi nake ci. Ita ma da ta ga yadda na rame ta ce in karɓi kuɗin adashinta in cika. Na ce, "Umma, in na karɓa ai bashin ne ya canja gida." Ta harare ni, amma na ga ta ji daɗi.

Kwana uku bayan Sallah maigida ya biya ni da ƙarin azumi. Na kira abokina na ce ya raka ni kasuwar waya a Zahir. Na ɗauka zai ƙi, sai ga shi ya zo. Shi ya hana ni sayen wata tsohuwa mai kyan gani, ya ce an taɓa buɗe cikinta. Shi ya yi cinikin da Larabcinsa da ya fi nawa kaifi. Muka tashi da sabuwa mai matsakaicin kuɗi, da rasiɗi da garantin shekara ɗaya. Ba ta da kyan da za a ajiye a tabarmar majalisa, hotonta ma in rana ta faɗi sai ka rantse ta cikin hayaƙi aka ɗauka. Amma tana buɗe taswira. Na ƙirga kuɗin na miƙa, ba wanda ya nemi sa hannuna.

Bayan Hajjin shekarar kasuwa ta mutu fiye da yadda aka saba. Kusan wata uku maigida yana ba ni haƙuri. A lokacin in na samu riyal goma in sa kati, in ban samu ba in zauna a kira ni. Layina bai taɓa yankewa ba, kuma da shi na riƙa samun ɗan aikin kai kaya na gefe da muka ci abinci da shi.

Ba ina cewa biyan wata-wata mugun abu ne ba. Abokina ya gama shekara biyunsa lafiya lau, ya sake karɓar wata wayar, bai taɓa nadama ba. Tsarin ya dace da mai albashin da ke zuwa a ranarsa. Kuskurena da na kusa yi shi ne auna kaina da aljihun wani. Tambaya ɗaya ce ta cece ni, kuma ba ta game da waya ba ce: a watan da ya fi kowane muni, zan iya biya?

Yanzu na canja aiki, albashina yana shigowa a kan lokaci. Da zan sake waya kwanakin baya abokina ya zauna ya yi mini lissafi, ya nuna mini cewa a halin da nake ciki biyan wata-wata ya fi mini sauƙi. Na duba, ya yi gaskiya. Na gode masa, na tara kuɗina wata huɗu, na je na saya a dunƙule. Ya ce ba ni da magani. Wataƙila haka ne. Ni dai na san ƙarshen wata yana zuwa ya wuce ban ma lura ba, kuma wannan ban san nawa zan sayar da shi ba.