Ranar da Ba a Zagi Suma'ila Ba

Suma'ila tela ne a cikin Damagaram, amma kowa da alƙalancin ƙwallo ya san shi. Shekara ashirin da uku yana hura usur a wasannin ƙauyuka, kuma yana da nasa ma'auni. In ya tashi wasa ɓangarorin biyu suka raka shi da zagi har inda ya kafe babur, to ya yi adalci. In ɓangare ɗaya ne kawai ya zage shi, ranar ko tuwo ba ya ci. Matarsa Ramlatu ta sha gaya masa idon da ya daina zura zare a allura ba shi da abin yi a fili. Shi kuwa cewa yake muddin ana zaginsa, yana gani.

Bayan girbin bara ya je Gaffati alƙalancin wasansu da Zermu. Gaffati ta ci ɗaya da nema. Ya busa tashi, ya ƙanƙame jiki yana jira. Shiru. Sai ga 'yan Zermu, mutanen da suka taɓa kora shi har cikin gonar gyaɗa, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna rusunawa.

"Sannu da aiki, Baba."

Baba? Ya waiga ko akwai wani tsoho a bayansa, bai ga kowa ba. Kansa ya ɗaure tamau. Ya zaci dabara ce, so suke ya saki jiki su rufe shi. Ya taka a hankali zuwa babur, babu wanda ya bi shi ko da harara. Abin ya ishe shi, ya dawo ya kamo hannun Mahamud, mai tsaron gidan Gaffati.

"Kai, gaya mini gaskiya. Me na yi?"

Mahamud ya sunkuyar da kai. "Baba, balo ɗin nan, ƙwallon 'yan Zermu da ka ce ta fita waje, ta shiga. Raga ce ta yage, ta wuce ta ciki. Kowa ya gani."

"To me ya hana su yi magana?"

"Sun ce ka yi furfura. Ba a musu da babba."

Suma'ila ya tsaya da usur a hannu, yana jin da ma sun jefe shi. Da ya isa gida Ramlatu ta tambaye shi yau ɓangare nawa suka zage shi. Ya miƙa mata usur ɗin ya ce ta ajiye a cikin gwangwanin maɓallai.